Layin da Ke Fuskantar Rana

Ranar da aka ɗaura wa taraktar Zare na'ura, gari ya waye a wanke. Ruwan farko mai ƙarfi na shekarar ya sauka kafin asuba, sannan hadarin ya tattara nasa ya nasa ya wuce, bai bar ko ƙyallen gajimare ba. Rana ta fito fara fat. Duk inda ruwa ya kwanta sai ya koma madubi, kwanon gareji, kan gangunan mai, ramukan da tayoyi suka yi a bakin ƙofa. Ma'aikatan gonar kowa baki har kunne, don ƙasa ta jiƙa, shuka ta zo. Zare kuwa yana daga cikin gareji inda inuwa take, ya kare fuska da tafin hannu, yana jiran idonsa ya bar hawaye.

"Fito ka gai da sabon maigidanka, tsoho," in ji Bakanike daga saman taraktar, inda yake ɗaure wani farin abu mai kama da kwano a kife. "A kanka zai zauna. Shi ma sanƙo gare shi irin naka."

"Kai dai ka ɗaure shi da kyau," Zare ya ce. "Notin da ka ɗaure bara har yau muna nemansa a gona ta bakwai."

Sun fi shekara ashirin suna wannan tsiya a tsakaninsu, kuma duk wanda ya ji su a safiyar nan zai ce Zare lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya lura cewa da ya zo fitowa sai da ya laluba bakin ƙofa da ƙafa.

Shekara talatin da biyu ke nan yana tuƙa tarakta a wannan gona ta kamfani, gona mai faɗin da idan mutum ya tsaya a wancan gefe ba ka sanin namiji ne ko mace. Da ɗaukar buhun taki ya fara, yana saurayi, har wani tsohon direba ya ga yana yawan leƙen injin ya ce ya hau. Tuƙi ba shi ne abin wuya ba, kowa yana iya koya cikin mako biyu. Abin wuyar shi ne layin farko. Idan za ka ja shi, sai ka zaɓi abu guda can a ƙarshen gona, itace ko falwaya ko suri, ka ɗora shi daidai hancin tarakta, ka kafe shi da ido. Ba waiwaye, ba amsa gaisuwa, ƙuda in ya sauka a hancinka sai ka ba shi masauki har ku isa. Sauran layuka duk na farkon suke bi. In ya karkace da kamu ɗaya gona duka ta karkace, ranar girbi injin yanka ya yi ta tattake masara. Layinsa shi kuwa yakan fita kamar an ja zare an ɗaure a turke biyu. Daga nan laƙabin ya bi shi, har matarsa in ta ji haushi da shi take kiransa. A kan wannan aiki ya yi aure, a ɗakuna biyu na ma'aikata da ke bayan sito ya raini 'ya'ya biyar har suka watse. Bai taɓa wata sana'a ba. In an sauke shi daga tarakta, bai san me zai ce wa mutane shi ne ba.

To, shekara biyu kafin zuwan na'urar idonsa ya fara yin yana. Da fari kamar hayaƙi ne kaɗan a gefe, ya yi ta goge gilashin tarakta da tsumma yana zagin masu wanke ta. Daga baya ya gane ba gilashin ba ne. A inuwa yana gani daidai gwargwado. Amma da zarar ya fuskanci rana sai duniya ta koma fara kamar an watsa masa madara a fuska, mutum da kututture da buhu duk su zama baƙin tabo iri ɗaya. Falwayar da yake kafewa da ido ta ɓace.

Bai gaya wa kowa ba. Dabara ya yi. Da yake shi ke jan layin farko, kuma ba mai tambayarsa dalili, sai ya juya aikin duk gonakin da ke hannunsa ya koma kudu da arewa, don rana ta zauna masa a kafaɗa, kada ta shigo ta gaba. Sauran kuma jikinsa ya riƙe, ya san gangare daga yadda kujera ke karkata. Layin ya ɗan fara lanƙwasa, Bakanike ya ce zaren ya tsufa ya fara saki, aka yi dariya, shi ma ya yi.

Matarsa ce kaɗai ta sani, ita ma ba shi ya faɗa mata ba. Ranar da ya yi wa gangar ruwa sallama a tsakar gida da hantsi, yana zaton maƙwabciyarsu ce, ba ta yi dariya ba. Ta jira ya gama cin abinci.

"Maigida, yaushe za mu asibiti?"

"Wa ba shi da lafiya?"

"Gangar ruwa. Tun ɗazu ka gaishe ta ba ta amsa ba."

Ya ture kwanon gefe. "Kin manta Baba?"

Ba ta manta ba. Mahaifinsa shi ma ya yi yanar ido, wani mai yawo gari-gari yana aikin ido ya zo da 'yar allura ya taɓa masa. Ya ga haske kwana uku, daga nan bai ƙara ganin komai ba har ya bar duniya. Zare ne ya ja shi da sanda shekara tara. Ta ce wancan daban, asibiti daban. Ya ce ƙarfe dai ƙarfe ne. Ban da haka, in ya je asibiti takarda za ta fito, takarda kuwa ofis za ta je. Tun daga ranar dai ba ta ƙara sauya wa komai wuri a ɗakin ba, buta da takalmi da kujera kowanne inda ya saba.

Saboda haka da aka ce za a kawo na'urar da ke riƙe layi da kanta, kowa ya ɗauka Zare zai fi kowa baƙin ciki. A ransa kuwa murna ya yi. Ya ce Allah ya kawo masa mai rufa asiri.

Malamar gona ce ta hau tare da shi ta nuna masa. Sa'ar 'yarsa ta biyu ce, ba ta da hayaniya, Baba take ce masa. Ta zauna a 'yar kujerar gefe, ta kunna wani ɗan allo da aka maƙala kusa da sitiyari. Ta ce farin kwanon nan na sama yana sauraren taurarin ɗan'adam, su ke gaya masa inda taraktar take a doron ƙasa, ba ya kuskuren da ya wuce faɗin yatsu biyu. Layukan kowace gona an riga an zana su a ciki. Shi dai ya shiga bakin layi ya danna koren maɓalli, in ya kai ƙarshe allon zai yi ƙara, ya juya da hannunsa ya sake dannawa.

Ya danna. Sitiyari ya motsa a tafinsa kamar wani ya kama shi daga ƙasa. Ya janye hannu ya ɗora a cinya.

"Yawwa, haka ake so," ta ce. "Hannunka ya huta, Baba. Kuma tunda layi ba zai kauce ba, za ka iya ƙara gudu. Abu ɗaya ne kawai, ita na'urar ba ta da ido. Sama take saurare, ba ta san me ke ƙasa ba. Ko rijiya ce a gabanta za ta shiga, ko mutum ne za ta bi ta kansa. Ido kawai muke so a wurinka yanzu."

Abin da hannunsa ya iya ko da ido a rufe an karɓe, an bar masa wanda ba ya iyawa. Sai kuma ya lura da inda taraktar ta dosa. Farin nan ya cika gilashi.

"'Yata, ai kudu da arewa muke jan wannan gonar."

"Shi ne muka gyara, Baba. Hoton da aka ɗauko daga sama ya nuna gonar tana gangarewa kudu. Shekara biyun nan ruwa yana bin layi yana kwashe ƙasa da taki yana kaiwa kwari. In muka ja gabas da yamma, kowace kunya za ta tare ruwan. Ban ma san wanda ya juya ta ba tun farko."

"Allah masani," in ji Zare.

Akwai wani mutum a gonar da ake ce wa Kurma, don tun haihuwa ba ya ji. Magidanci ne mai tumaki, ba ma'aikacin kamfani ba, amma an daɗe da ba shi izinin yankan ciyawa a magudanun ruwa da ke ratsa gonakin daga arewa zuwa kudu. Tunda ba ya jin injin ko da yana bayansa, sai aka yi masa ƙa'ida: duk inda zai tsuguna ya kafa sanda mai jan ƙyalle, direbobi su kuma su nemi ƙyallen. A durƙushe yake yanka, kansa a ƙasa, rigarsa kalar ƙasa. Da layi yana kudu da arewa, gefen magudana tarakta take bi, ba ta taka ciyawar. Yanzu da aka juya, kowane layi sai ya tsallaka ta, sau uku a gona ta bakwai.

Zare ya same shi a bakin sito ya yi masa bayani da hannu. Ya nuna gona ta bakwai, ya nuna taraktar, ya kaɗa yatsa. Kurma ya yi dariya, ya daki ƙirjin Zare, ya ɗaga babban yatsa. Nufinsa, in dai kai ne a kai ba ni da fargaba. Ciyawar gona ta bakwai kuwa ta fi ta ko'ina.

Aka fara shukar masara. Da safe in ya nufi gabas, da la'asar in ya nufi yamma, a cikin farin nan yake tafiya, taraktar tana jan kanta da gudun da bai saba ba, hannunsa a cinya ba abin riƙewa. Ya liƙa kwali a saman gilashi. Matarsa ta sayo masa baƙin tabarau a kasuwa, Bakanike ya ce ga ango ya fito, sai dai tabaran ya rage farin ya kuma rage ɗan abin da yake gani. Duk tabon da ya ɓullo a gabansa sai ya taka birki, ya sauka, ya je da ƙafa. Buhun iri ne da iska ta kwaso. Ruwa ne kwance. Wani lokaci ba komai, tabon a cikin idonsa yake. Ya koma ya hau, riga sharkaf da gumi tun rana ba ta yi zafi ba, ya danna maɓalli, ya fara jiran na gaba. Abinci ya daina shiga. Matarsa takan tsaya a ƙofa da yamma, sai ta ji kukan taraktar ya shiga gareji sannan ta zauna.

"Ka faɗa musu, maigida."

"In na faɗa, gobe wani ke kan kujerar."

"In ba ka faɗa ba fa?"

Ya ce saura 'yan kwanaki a gama shuka. In an gama zai yi tunani.

Rana ta huɗu, bayan azahar, Manaja ya zo a motarsa ya tsaya a bakin gona ta bakwai. Mutum ne marar faɗa, amma ranar ransa a ɓace yake. Ya ce an sa wa Zare na'ura don ya ninka aiki, ga shi direbobin da ba su da ita sun fi shi gaba. Daga hanya ma ya gan shi ya tsaya sau uku a layi ɗaya.

"Ciki ne, ranka ya daɗe. Ya ɗan ɓaci."

"To ka sha magani. An ce ruwa zai dawo jibi, in ya dawo sai mu yi mako ba mu shiga ba. Ina so a rufe gonar nan gobe. Ko in ba wani?"

"Za a rufe."

Ranar ya riga ya sauka sau goma sha ɗaya, duka ba komai. Tun da safe kuma Bakanike ya ce masa ya ga Kurma ya nufi gona ta uku da laujensa. Sai Zare ya ce wa kansa ya isa haka, ba zai ƙara tsayawa don buhu ba.

Rana ta karkata ta sauko daidai gilashi. Yana layin yamma, ya tsallake magudana ta farko, ya tsallake ta biyu. Yana dosar ta uku sai ga tabo, ƙasa-ƙasa, mai faɗi, ba ya motsi. Ƙafarsa ta tashi da kanta ta nufi birki, ya mayar da ita. Buhu ne, ya ce. Kurma yana gona ta uku. Tabon ya girma. Ya ja ƙarfen da ke ɗaga injin shuka kamar yadda ake yi a bakin magudana. Tabon ya shige ƙarƙashin hancin tarakta, sai ya ji tayar gaba ta hagu ta hau wani abu mai laushi ta sauka, wani abu kuma ya karye, ƙas.

Bai san lokacin da ya kashe injin ba. Ya sauka, ya zagaya da rarrafe. A inuwar taraktar idonsa ya ɗan dawo. Abin da ya fara gani jan ƙyalle ne a cikin laka, sandarsa ta rabu biyu. Gaba kaɗan takalmin roba, ƙafa ɗaya.

Ya buɗe baki zai yi kira, ya tuna wanda zai kira ba ya ji. Ya kwanta rub da ciki ya shiga ƙarƙashin taraktar yana lalube. Hannunsa ya taɓa wani abu mai ɗumi da danshi, ya janye, ya sake miƙawa. Yana ta ambaton Allah, ba ya jin abin da bakinsa ke faɗa. Ya damƙo ya jawo waje. Ciyawa ce. Babban dami ne an lulluɓe shi da tsohuwar riga don kada rana ta busar da shi, taya ta bi ta tsakiyarsa. Bai yarda ba, ya koma ya sake lalubawa daga tayar gaba har ta baya, har ƙarƙashin injin shuka. Ya samo lauje da ƙota a karye. Ya samo ɗaya takalmin.

Yana nan zaune da takalman a hannu sai aka taɓa masa kafaɗa. Kurma ne, ƙafafunsa a jiƙe, ya fito daga kwarin da ruwa ya taru, inda ya je wanke laka. Ya dubi damin, ya dubi laujen, ya fara faɗa da hannu da irin muryar nan tasa, yana nuna jan ƙyallen, yana nuna idon Zare da yatsu biyu. Sai kuma ya tsaya. Ya durƙusa, ya cire wa Zare tabarau, ya kama haɓarsa ya juya fuskarsa wajen haske, ya daɗe yana kallon cikin idon. Da ya sake shi bai ƙara faɗa ba. Ya karɓi takalmansa ya sa, ya yi ta ja da baya, bai ba taraktar baya ba har ya kai bakin hanya.

Zare ya bar ta a nan ya tafi gida da ƙafa. Matarsa ta ga laka tun daga gemu har gwiwa, ta ɗebo ruwa, ba ta tambaye shi ba sai da ya faɗa da kansa. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Na ga tabon. Na gan shi, kuma ban tsaya ba."

Washegari da safe aka ce Malamar gona tana nemansa a ofis. Ya tafi yana zaton Kurma ya kai ƙara. Ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya, taga a bayanta haske yana zubowa, ita kanta sai ta zama tabo a gabansa. Ta ba shi kujera, ta juyo masa da kwamfuta.

"Baba, taimako nake nema. Ka san na'urar tana rubuta duk inda tarakta ta bi, da duk inda ta tsaya."

Bai sani ba.

"Ga gona ta bakwai. Jajayen ɗigon nan duk tsayawa ce, arba'in da uku cikin kwana huɗu. Manaja ya ce ciki ne, ni ban yarda ba. Ina zaton na'urar ce ke yanke magana da sama, kai kuma ba ka so ka faɗa don kada a ce tsoho yana ƙin sabon abu. In haka ne ka gaya mini in kira masu ita su sauya. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Da safe duk a layin gabas suke, da la'asar duk a na yamma, ni kuwa ban ga ruwan na'ura da rana ba. Kai me ka gani?"

Ga mafita ta miƙo masa da hannunta. In ya ce e, na'urar ce, sai an yi mako kafin masu ita su zo, kafin nan an gama shuka, shi kuma yana kan kujerarsa. Ya dubi inda take nunawa da biro. Bai ga ja ba, bai ga ɗigo ba, fari ne kawai. Tafin hannunsa har yanzu yana jin ɗumin abin nan da ya taɓa a ƙarƙashin tarakta.

"'Yata, ban ga komai ba," ya ce. "Ko allon naki ban gani ba. Na'urarki lafiyarta ƙalau. Ni ne."

Ya faɗa mata duka, har juyin da ya yi wa gonakin, har damin ciyawa. Bai ɗaga kai ba. Ta tashi ta sauke labulen taga ta dawo ta zauna. Yanzu ya ga fuskarta. Ba fushi a ciki, tsoro ne irin nasa.

"Ni na ce ka ƙara gudu," ta ce.

"Ke ba ki sani ba."

"Dole in gaya wa Manaja, Baba."

"Na sani. Ga makulli."

Ranar wani ya hau kujerar, ya rufe gona ta bakwai kafin ruwa. Manaja bai yi dogon faɗa ba, ya ce ba tarakta kuma, sauran magana sai an ji daga likita. Zare ya tsaya a ƙofar gareji yana jin kukan injinsa a hannun wani. Bakanike ya zo ya tsaya kusa da shi yana goge sifana.

"Shekara biyu, tsohon banza. Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka ai gona duka ta ji kafin azahar."

"Da ta ji. Da kuma ba mu kai nan ba."

Bayan mako uku matarsa ta riƙe masa hannu zuwa asibitin ido. Sau biyu yana tashi daga benci zai fita tana jan rigarsa. Da aka kwantar da shi za a yi wa idon dama aiki, aka rufe masa fuska da zane mai huda ɗaya, sai da ma'aikaciyar jinya ta danne masa kafaɗa. Washegari aka cire bandeji, ya ƙi buɗe idon sai da matarsa ta ce in bai buɗe ba za ta tafi ta bar shi. Ya buɗe, ya daɗe yana kallonta.

"Ashe kin yi furfura haka."

"Wa ya sa ni?"

Makonnin farko duk safiya da fargaba yake buɗe shi, yana jiran hasken ya ɗauke. Bai ɗauke ba.

Yanzu Zare yana nan a gonar. Idon dama yana gani, na hagu har yau da yanarsa. An ba shi ranar aikin na hagun bayan girbi, ya ce zai je, matarsa ta ce za ta gani. Bai koma tarakta ba, don dokar kamfani ido biyu take so. Aikin da aka ba shi na ƙafa ne: kafin injin ya shiga kowace gona shi ke zagaya ta da wata 'yar na'ura a hannu, duk inda ya tarar da kututture ko rami ko dutse ya tsaya a kai ya danna, alamar ta fito a allon tarakta. Ya gama gonaki tara, saura huɗu.